Murtala namu ne, to Asaba da Anacha fa na waye?

Duk shekara in 13 ga Fabrairu ta zagayo, Facebook ɗinmu na Arewa cika yake da hoton Janar Murtala, wannan dai fuskar da ke jikin naira ashirin, kowa na rubuta Allah ya jiƙan maza, a kawo jawabinsa na Addis Ababa, a kawo yadda ya mayar da jihohi 12 suka koma 19, a kawo maganar Abuja, a kawo yadda ma'aikata suka dinga sammakon zuwa ofis don tsoron kora. Duk gaskiya ne, ni ma ina cikin masu yi masa addu'a. Amma ka lura da kyau, labarin kullum daga Yulin 1975 yake farawa, kamar a watan aka haife shi. Shekarar 1967 da 1968 tsallake su ake yi, in ma an taɓo sai a ce ai ya yi yaƙin basasa ya ƙwato Binin, shikenan a wuce gaba. Alhali a waɗannan shekarun biyu ne ya jagoranci yaƙin kama Anacha, wanda yana cikin mafi muni da tsada a duk yaƙin Biyafara, kuma ina ganin shirun da muke yi a kansa ba kare Murtala muke ba, namu mamatan muke binnewa karo na biyu.

Ga yadda abin ya faro. Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara harbi 6 ga Yuli, gwamnatin Gowon tana ganin aikin 'yan makonni ne. Kwatsam ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka tsallako gadar Neja daga Anacha zuwa Asaba, suka mamaye jihar Midwest, suka nausa har Ore, Legas ta fara jin ƙamshin yaƙi a ƙofar gida. A cikin wannan ruɗanin aka haɗa runduna ta biyu a gaggauce aka damƙa wa Murtala, yana da shekara 28 kacal. Kuma da wa aka haɗa ta? Akawu, kuku, direba, ɗan sintiri, tsoffin sojan yaƙin Bama (Burma) da aka kirawo daga fansho, da samarin da aka kwaso aka yi musu horon 'yan makonni aka miƙa musu bindiga. Da waɗannan ya kori Biyafara daga Ore, ya shiga Binin 20 ga Satumba, cikin sati biyu ya dangana da bakin kogi a Asaba. Wannan kam bajinta ce, ba mai ƙwace masa ita. Sai dai nasarar da ta zo da sauri ita ce ta jawo abin da ya biyo baya.

Sojojin Biyafara da suka tsallake suka koma gida sai suka fasa gadar ta ɓangaren Anacha, gadar da ko shekara biyu ba ta cika da buɗewa ba. Tsawonta ya kusa kilomita ɗaya da rabi, kaga kenan faɗin ruwan da ke tsakanin garuruwan biyu. Hedikwata a Legas ta ba da shawara a hau sama zuwa Idah, inda duka gaɓa biyun ke hannun gwamnati, a tsallaka cikin kwanciyar hankali, a gangaro wa Anacha ta ƙasa. Wasu daga cikin hafsoshinsa ma, irin su Alani Akinrinade, ba su yarda da tsallaka ta gaba da gaba ba. Murtala ya ƙi. Runduna ta ɗaya ta Mohammed Shuwa ta riga ta kama Inugu 4 ga Oktoba, shi ma yana son nasa babban garin, kuma tsakanin kwamandojin yaƙin nan akwai gasa da rashin jituwa wanda ba ɓoyayye ba ne.

Kafin a kai ga ruwa, akwai abin da ya faru a tudu. Sojoji sun shiga Asaba a farkon Oktoba, suka fara bin gida gida suna kashe waɗanda suke zargi da goyon bayan Biyafara. Dattawan gari suka ga mafita ita ce a fito a nuna ana tare da gwamnati, ranar 7 ga Oktoba mutane suka fito cikin fararen kayansu na gargajiya, da kiɗa da rawa, suna cewa Najeriya ɗaya ce. A wani fili a unguwar Ogbe-Osowa aka ware mata da ƙananan yara gefe, aka tara maza da samari, aka buɗe musu wuta da mashinga. Ɗaruruwa suka mutu, masu bincike da dama suna kai adadin kwanakin nan sama da 700, wasu na cewa ya haura dubu, aka zuba da yawansu a manyan ramuka. Akwai gidajen da ba a bar namiji ko ɗaya ba. Kuma ka tuna Asaba ba ta cikin Biyafara, garin Midwest ne, wato mutanen da aka ce an zo cetowa ne. Waɗanda suka tsira sun yi ta ambaton sunan Manjo Ibrahim Taiwo a matsayin wanda ke wurin, shi ne daga baya ya zama gwamnan Kwara, aka kashe shi a yunƙurin juyin mulkin Dimka, wanda a cikinsa aka kashe Murtala. Ba a taɓa gurfanar da kowa ba har yau.

Nasan abin da wani zai ce, don na sha ji: to ai su suka fara. Nzeogwu da ya kashe Sardauna ɗan Okpanam ne, nan kusa da Asaba. An kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe Maimalari, Kur Mohammed, Largema, Pam, a dare ɗaya. Wallahi wannan ciwon gaskiya ne, ba na raina shi, kuma duk wanda ya ba da tarihin yaƙin nan ya share 15 ga Janairun 1966 maƙaryaci ne. Amma yaron Asaba ɗan shekara goma sha uku da aka tsayar a filin nan me ya sani game da Sardauna? Shi kansa Nzeogwu ya riga ya mutu tun Yulin 1967 a wajen Nsukka, kuma gwamnatin Gowon ta ɗauko gawarsa ta binne a maƙabartar sojoji ta Kaduna da cikakkiyar girmamawar soja. Wanda ya yi kisan an yi masa faretin ban girma, talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba an zuba shi a rami. Addininmu da muke tinƙaho da shi cewa ya yi wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma ko a fagen yaƙi an hana taɓa wanda bai ɗauki makami ba. To ina muka samo fatawar da ta halasta Ogbe-Osowa?

Ban ce Murtala ne ya tsaya ya ba da umarnin harbi ba. Abin da na ce shi ne rundunarsa ce, shi ne kwamanda, kuma a aikin soja wanda ake yaba wa in an ci gari shi ake tambaya in an yi ɓarna a garin. Ba zai yiwu Binin ta zama tasa, Asaba kuma ta zama ta wasu yara marasa tarbiyya da ba a san sunansu ba.

Sai ruwa. A cikin Oktoban nan aka loda sojoji a jiragen fito da kwale-kwale aka nufi Anacha bayan an yi wa garin ruwan bama-bamai. Rukunin farko sun sauka lafiya, sun ma shiga gari. Maimakon a kafa tsaro a jira ƙarin mutane da harsashi, sai aka faɗa babbar kasuwar Anacha, wadda a lokacin ake kira mafi girma a Afirka ta Yamma, aka shiga wawaso, wuta ta cinye kasuwar. Biyafara suka sake shiri suka dawo, cikin masu jagorantarsu akwai Joe Achuzia, taimakon da ake jira daga Asaba bai iso yadda ya kamata ba, sojojin gwamnati suka tsinci kansu gaba wuta baya kogi. Yanzu ka ɗan tsaya ka hango yaron da aka ɗauko daga Gumel ko Azare ko Langtang, wanda babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan gari da damina, ga takalmin soja mai nauyi a ƙafa, ga bindiga, ga jakar harsashi a ƙugu, an ce masa ko ya tsaya a harbe shi ko ya faɗa kogin Kwara, wato Neja. Da yawa faɗawa suka yi, ba su fito ba. Kuma ba a tsaya nan ba, aka sake gwadawa, aka sake, sau uku ana tura mutane ta hanya ɗaya wa abokan gabar da suka riga suka saita bindigoginsu a kan ruwan suna jira.

Sai a Disamba aka koma shawarar da aka yi watsi da ita tun farko, aka tsallaka ta Idah, aka bi ta Inugu da Udi da Awka, ana gwabzawa gari bayan gari, har aka shiga Anacha wajen 21 ga Maris 1968. Shehu Musa 'Yar'Aduwa yana cikin matasan hafsoshin da suka yi suna a wannan shigar. Wata biyar da ɗoriya kenan a kan garin da aka zaci za a karya kumallo a cikinsa. Garin ma da aka shiga kusan kango ne, mutanensa sun gudu ƙauyuka. Kwana goma bayan nan, 31 ga Maris, ayarin motoci wajen ɗari ɗauke da makamai da mai da sojoji ya taso zuwa Anacha a jere a kan siririyar hanya, 'yan Biyafara ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu suka yi kwanton ɓauna a Abagana, harbi ya samu tankar mai, wuta ta bi layin motocin nan tana ci, mutane suka ƙone a cikin motocinsu. Ba da jimawa ba Murtala ya bar rundunar, Ibrahim Haruna ya karɓa, kuma har kusan ƙarshen yaƙin runduna ta biyu ba ta yi wani nisa daga Anacha ba, Nnewi garin su Ojukwu da ke nan kusa ma ba ta faɗo ba sai da komai ya ƙare a Janairun 1970.

To yanzu duba yadda kowa ya riƙe nasa. Ɗan Ibo ko bai karanta tarihi ba ya san Abagana, kakarsa ta ba shi labari, ana ba da shi da alfahari, an mayar da shi shaidar cewa da bam ɗin gida ogbunigwe aka durƙusar da sojan da Ingila da Rasha ke ba makamai. Mutanen Asaba sun yi shekaru suna kuka a cikin gida ba mai sauraro, don jaridun lokacin ba su ɗauki labarin ba, amma ba su bari ya mutu ba, suka dinga tattara sunayen mamatansu gida gida, 'ya'yansu suka yi rubutu, wasu malaman jami'a biyu daga Amurka, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, suka zo suka ɗauki bayanin waɗanda suka tsira, a 2017 aka yi babban taron cika shekara 50. Yau in ka je za a nuna maka suna, a ce wannan kawuna ne, wannan yayan babata ne.

Mu fa? Sunan mutum nawa muka sani cikin waɗanda Kwara ta cinye? Wane gari ne a Arewa ya kafa ko allo ɗaya da sunayen 'ya'yansa da suka tafi Anacha ba su dawo ba? Sojan Najeriya kafin yaƙi bai wuce dubu goma ba, ya ƙare yana da wajen dubu 250, kaso mai yawa daga tsohuwar jihar Arewa aka ɗebo su, daga Sakkwato har Binuwai. Kusan kowace tsohuwar unguwa tana da nata Baba Soja. Namu mai gadin wani shagon siminti ne, da tsohuwar suwaita mai ruwan ƙasa ko ana zafin Afrilu, yatsunsa biyu na hannun hagu babu, in an yi tsawa sai ya zabura ya dafe bango, mu kuma yara muna binsa muna lef-rai lef-rai muna dariya. Manya cewa suke yi yaƙin Ojukwu ne ya taɓa masa kai, iyakar bayanin kenan. Ba wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma ya ce Baba ina aka kai ku, wa ya mutu a gabanka, wa kuka bari a can. Ya rasu da labarinsa a ciki. Matan da mazajensu ba su dawo ba kuwa wasu ko takarda ba su samu ba, aka yi ta jira, da aka gaji aka yi sadakar uku da bakwai ba gawa, aka yi takaba aka sake aure.

Wani zai ce ai tawakkali ne, mu ba ma gina gumaka wa mamaci, wanda ya mutu kwanansa ne ya ƙare. Na yarda kwana ne ya ƙare, amma rubuta suna ba gunki ba ne. Mu da muke haddace sunayen waɗanda suka yi shahada a Badar da Uhudu, muke iya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda, muke da waƙoƙin da suka adana yaƙe-yaƙen jihadi, ba za a ce ba mu iya riƙe tarihi ba. Zaɓa muke yi. Sunan sarki da na janar muke riƙewa, ɗan talakan da aka tura cikin ruwa kuwa ko lissafi bai shiga ba. Kuma ni a ganina dalilin da ya sa ba a son buɗe babin Anacha shi ne duk wanda ya fara ƙirga waɗanda suka nutse dole ya tambayi wa ya tura su, sau nawa, kuma an ba shi shawara ko ba a ba shi ba.

Su ma can ɗin ba wai sun wanke ba ne fa. Yadda ake ba da labarin a wasu shafukan masu rajin Biyafara, sai ka ɗauka rundunar Hausawa zalla ce ta taso da carbi a hannu don ta ƙarar da Kiristoci. Gowon Kirista ne ɗan Angas, Danjuma Bajukune, Adekunle da Obasanjo da Akinrinade Yarbawa, runduna ta biyu cike take da 'yan Midwest da Yarbawa da Tibi da sauran ƙabilun tsakiya. Ba sa son a tuna abin da sojojin Biyafara suka yi wa waɗanda ba Ibo ba a Midwest lokacin mamaya, ko ƙananan ƙabilun Ribas da Kalaba. Ba sa kuma faɗin cewa a Asaban nan akwai sojojin gwamnati da suka ɓoye mutane suka cece su, waɗanda suka tsira da bakinsu suka faɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu mu fara daga Janairun 1966 mu tsaya, mu tsallake kisan Ibo da aka yi a garuruwanmu a Mayu da Satumba da Oktoban shekarar har da filin jirgin saman Kano, su kuma su fara daga nan ɗin su tsallake Janairu.

Gwamnati kuma ta zaɓi mantuwa ta kira ta sulhu. Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci, magana ce mai kyau kuma ta hana ramuwar gayya, ina ba shi wannan. Amma sai aka mayar da ita ba wanda ya yi laifi ba wanda aka kashe. Aka zo aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru, yara suka tashi suna koyon yaƙin basasa daga bakin masu zagi a intanet. Ranar 15 ga Janairu a sa fulawa a Abuja a saki tattabaru a watse. Gidan tarihin yaƙin yana Umuahia, 'yan makarantar Arewa nawa aka taɓa kaiwa?

Kuma wannan rabin labarin da kowa ke riƙe da shi ba a littafi yake tsayawa ba, jini yake ci har gobe. A Fabrairun 2006 bayan rikicin zanen ɓatanci a Maiduguri, a Anachan nan aka bi 'yan Arewa aka kashe, wasu suka tsallaka gada da gudu zuwa Asaba neman mafaka. A 2016 sojoji suka harbe masu taron tunawa da Biyafara a yankin Anacha ranar 30 ga Mayu. A 2017 wasu matasanmu suka zauna a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa. A 2022 aka kashe wata 'yar Arewa mai ciki da 'ya'yanta huɗu a Anambara. Duk mai ɗaukar makami a cikin waɗannan yana da tarihin da yake karantowa a kansa, wanda a ciki nasa ne kaɗai aka zalunta. Alhali kullum ta Allah tirelolin albasa da tumatir da shanu suna sauka a bakin gadar Anacha, manyan bas suna tashi daga Sabon Garin Kano su kwana a hanya su wayi gari a can, har sabuwar gadar da aka buɗe a 2023 sunan Buhari aka sa mata. Asaba kanta ta zama babban birnin Delta a 1991 zamanin Babangida, wanda matarsa Maryam 'yar garin ce ta wajen uba. Mun haɗa kasuwa mun haɗa aure, labari ɗaya ne muka kasa haɗawa.

Ni ban ce a cire Murtala daga naira ashirin ba, ban ce a sauya wa filin jirgin Legas ko asibitin Kano suna ba. Mutumin da aka harbe a cikin motarsa a cunkoson Legas yana tafiya ofis ba jiniya ba rakiya, ya cancanci a tuna shi. Cewa nake a ba da shi cikakke: matashi mai zuciya da taurin kai da ba ya jin shawara, wanda wannan halin ya sa ya ƙwato Midwest cikin makonni, shi ya sa ya zubar da mutane a Kwara, kuma shi ne dai ya sa ya girgiza ƙasar nan cikin kwana ɗari biyu. Ɗalibin da aka koya wa haka zai fi fahimtar mulki da wanda aka ba waliyyi. Kuma gwamnan Arewa ko sarki guda ya je Asaba ranar 7 ga Oktoba ya tsaya ya yi ta'aziyya, ba zai rage masa rawani ba, zai ma ba mu bakin da za mu ce su ma su zo su yi ta'aziyyar Sardauna da Maimalari.

Abin da ya fi gaggawa dai tsofaffin ne. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75, 'yan kaɗan suka rage, suna nan a ƙauyuka da bayan barikoki da layin karɓar fansho. Gidan Arewa a Kaduna aikinsa kenan, sassan tarihi na ABU da BUK da Jami'ar Jos suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri, gidajen rediyon Kano da ke cika mana kunne da sojojin baka na siyasa za su iya ware rabin awa a sati. Waya mai ɗaukar murya ta isa, sai kuɗin mota da goro. Rundunar soja kuma ta buɗe rajistar runduna ta biyu ta 1967 da 1968, a fitar da sunaye jiha jiha, ƙaramar hukuma ƙaramar hukuma, a liƙa a sakatariya kowa ya je ya duba ko akwai nasa.